Fuskar Inui a Guntun Fim

Ina cikin shan shayin safe Fusae, matar tsohon abokina, ta bugo waya ta ce mijinta ya rasu jiya da rana. Sai da na ce ta maimaita, don kunnena na dama ya daɗe da ajiye aiki, na hagun ma rabin rana yake yi. Ta maimaita, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Wai yana cikin wanke tukunyar waken suya ya kife bokiti ya zauna ya ce bari ya huta, daga nan bai sake tashi ba.

Na yi mata ta'aziyya da irin kalmomin da ake yi, waɗanda ba sa rage wa kowa komai. Sannan ta faɗi abin da ya sa ta neme ni. Masu shirya jana'iza suna son hoton da za su faɗaɗa su sa a firam, a kafa shi a tsakiyar furanni gobe da yamma wurin zaman makoki, kuma dole ya shiga hannunsu kafin rana ta yi tsaka goben. Ita da 'yarsu Michiru sun birkice gidan kaf, ba su samu ba sai na lasin tuƙi, da wani na ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa wanda yake can layin baya, kan wani ya rufe masa rabin fuska.

"Kuwabara-san, da ka ga na lasin nan," in ji ta. "Kamar wanda aka kama da kayan sata. Ba na so in yi ta ajiye wa wannan fuskar shinkafa kowace safiya, yadda ake yi wa mamata, har in bi shi. Ku kuka yi ƙuruciya tare. Ko kana da wanda yake dariya a ciki?"

Na ce ina da shi mana, ta kwantar da hankalinta. Sai da na ajiye wayar na tambayi kaina inda na samo wannan ƙarfin bakin.

Ni da sunan Inui na san shi. Tsujimoto da ke jikin allon shagonsu na awara a Sakai sunan surukinsa ne, ya ɗauka ne ranar da ya auri Fusae ya tare a gidansu, saboda tsohon ba shi da ɗa namiji da zai gaji tukwane. Duk unguwar da shi suke kiransa, ni kuwa bakina bai taɓa yarda ba.

Mun haɗu ne a ramin da ke tsakanin dandamali da layin farko na kujeru, a shekarun da makaɗan rok na Ingila da Amurka suka fara gane hanyar Osaka. Ni ina ɗaukar wa wata mujallar Tokyo, shi yana ɗaukar wa abokiyar hamayyarta, don haka gaisuwarmu ta farko da gwiwar hannu muka yi ta. Ya zungure ni wai na tare masa haske, ni ma na rama. Da aka tashi sai ga mu tsaye a rumfa ɗaya ƙarƙashin gadar jirgi a Juso, muna zuƙar taliya mai zafi, kowa yana magana da ƙarfi don kunnuwanmu sun toshe. Mai rumfar ya zaci faɗa muke yi, ya matsar da kwalbar barkono daga gabanmu.

Wanda bai tsuguna a wannan ramin ba ba zai gane ba, kuma na gaji da yi wa yaran yanzu bayani. Lasifikoki a ɗore kan juna har sun fi tsayin mutum biyu. In mai ganga ya saki ƙafa sai ka ji ƙafar wandonka tana kaɗawa, haƙoranka suna amsawa. Mutanenmu kuwa su shigo da kayan makaranta da kwat ɗin ofis, su zauna a natse, su yi tafi, su yi tsit tsakanin waƙa da waƙa har baƙin su riƙa kallon juna suna zaton sun yi wani laifi. Sai an yi nisa wani ya miƙe, na kusa da shi ya miƙe, kafin ka ce kwabo zauren duka ya tashi, daɓe yana rawa, masu gadi sun riƙe igiya gumi yana zuba musu. Mu kuma muna tsugune a tsakani, hayaƙin taba da warin wayoyi masu zafi suna shiga mana hanci. Babu abin da na ɗanɗana daga baya da ya kama ƙafar wannan daɗin.

Inui yakan ciro audugar gindin sigari ya cusa a kunne kafin a fara. Na ce masa wannan aikin matsorata ne. Yanzu dai an san wanda ya yi wauta. A wajen aiki ma ba mu da kama. Ni da an kunna wuta nake fara dannawa, ba na tsayawa sai fim ya ƙare.

"Kuwabara," yakan ce, "kai ba hoto kake ɗauka ba, su kake yi da raga. Ka jefa, ka ja, ka je gida ka ga ko akwai kifi."

Shi kuwa sai ya yi waƙa guda cur bai danna ba, yana bin mai jita da ido ɗaya, har in fara jin haushinsa. Can sai ya danna sau ɗaya, kuma wannan ɗin ne za ka gani a bangon mujalla. Yana da ƙa'idarsa da ya dame mu da ita: mai hoto ba ya jin kiɗa. Ranar da ka fara jin kiɗa, in ji shi, ka je ka sayi tikiti ka zauna a kujera, don ka tashi daga aiki. Ba ya kaɗa kai, ba ya buga ƙafa. Na sha ce masa ko gawa aka kawo ramin nan ta fi shi motsi.

Mun yi shekaru a haka, shi kullum a hannuna na hagu. Sai wata rana a rumfar taliya ya ce min zai yi aure kuma zai sayar da kyamarorinsa. Wata gwaggonsa ce ta haɗa shi da 'yar masu awara. Na yi dariya, na ga bai yi ba. Ya ce mai awara da asuba yake tashi, ba ya haɗa wannan da bin makaɗa. Na faɗa masa maganganu a ranar, na ce mutumin da ya fi kowa ido a yankinmu zai koma yanka fararen murabba'ai yana jefawa a ruwa. Ya ƙyale ni har na gama, ya shanye romonsa, ya ce ko ba komai awara ba ta motsi, ba sai an bi ta da ido ba.

Ban daina zuwa wurinsa ba. Duk shekara, in aka gama hidimar sabuwar shekara, nakan hau jirgi in je Sakai. Ya fito da takalmin roba da farin ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu, kai a aske ƙwal, ya zuba min awara mai ɗumi a kwano, ya zauna yana kallona ina ci. In na ɗauko zancen da, na ce ka tuna ranar da mawaƙin nan ya faɗo mana a ka da makirufo a hannu, sai ya ce an yi haka, ya tashi wai zai duba tukunya. Fusae takan shigo da shayi ta ce in yi haƙuri da shi, haka yake, in ya yi magana goma a yini to ranar an yi biki. Ni kuwa in koma gida raina a jagule, ina jin kamar na je ziyara gidan da abokina ya tashi daga ciki.

Wannan mutumin ne matarsa take son ganin yana dariya.

Na buɗe kabad ɗin da nake ajiye finafinan da na wanke. Tun kafin in jawo kwali na farko warin tsami ya tare ni, irin na kunun da ya kwana. Damina da zafin garin nan sun yi aikinsu. Wasu finafinan sun kanannaɗe, wasu sun manne da takardarsu, in ka ja sai fuskar mutum ta biyo takardar. Na yi shekaru ina cewa zan kai su a juye a kwamfuta, ina ɗagawa. Na ja teburi kusa da taga, na ɗauko gilashin ƙara girma, na fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ga hasken rana.

Aikin ya ƙi sauri, kuma ba laifin idona kaɗai ba ne. Ina ɗaga fim sai in makale. Ga mai jitar nan da ya durƙusa har gashinsa yana sharar daɓe. Ga mai gangar da ya jefa sanda sama, sandar tana nan a sama har yau ba ta sauko ba. Yawancinsu sun mutu, waɗanda suka rage kuma sun zama tsofaffi masu ciwon gwiwa irina. Zaurukan ma wasu an rushe su an yi benaye. Amma ga su a tsakanin yatsuna, ba wanda ya kai talatin. Sai in farga rana tana tafiya, in yi tsaki in ajiye.

Inui yana ciki, ba wai babu shi ba. Na same shi ya fi a ƙirga. Ga gwiwar hannunsa a gefen hoto, ga ƙeyarsa, ga kafaɗarsa da igiyar kyamara. Inda fuskarsa ta juyo kuwa, kyamara ta rufe ta, ba ka ganin komai sai goshi a tamke da ido ɗaya a matse. Na koma kwalin hotunan bayan fage, inda muke jira a buɗe mana ƙofa, muna cin shinkafar kwali a kan matakala. Nan ma ko ya ɗaga tafin hannu ya tare, ko ya juya baya. Wanzami ba ya son jarfa. Akwai guda ɗaya da na kama shi fuska a buɗe a tashar jirgi, amma barci yake a tsaye, baki a sake, abin da ko maƙiyinka ba ka kafa wa a tsakiyar furanni ba.

Haske ya ƙare ban samu ba. Na ɗauki waya zan kira Fusae in ce ta yi haƙuri ta ba su na lasin, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Na dafa shinkafa na kasa ci.

Da safe ina mayar da kwalaye cikin kabad, hannuna ya bugi wani tsohon gwangwanin biskit a can lungu, ya faɗo, murfin ya buɗe. Guntayen fim suka watse a tabarma, baƙaƙe, kowanne bai fi tsawon yatsa biyu ba. Na tsaya ina kallonsu kafin in tuna ko mene ne.

In ka sa sabon fim a kyamara ka rufe bayanta, kan fim ɗin ya riga ya sha haske, ya ƙone. Sai ka danna sau biyu ko uku a banza, kana murɗawa, don ka wuce wurin da ya ƙone. Bugun iska muke ce masa. Ba ka duba ta cikin gilashi, ba ka saita komai, idonka yana kan ɗan agogon da ke ƙirga hotuna. A ramin nan kuwa juya wa dandamali kafaɗa kake yi don fitilu kada su ɓata maka fim, ka dunƙule, ka yi ta cikin sauri don waƙa ba ta jiranka. In an wanke, kowa da almakashi yake datse wannan kan ya jefa a shara. Ni ban iya jefarwa ba. Uwata ta ga yaƙi, ko zaren ɗaurin kaya ba ta yarwa, ta kuma bar min wannan cutar. Sai in datse in jefa a gwangwani, ban taɓa dubawa ba.

Kuma ni hagu nake juyawa in zan canza fim, gefen da Inui yake.

Na zauna a bakin taga na fara ɗaga su ga haske. Na farko daɓe ne da wayoyi. Na biyu takalmina. Rufin zaure, bel ɗin mai gadi, gwiwar wani, duhu zalla, duhu kuma, ƙafar kujera, hannun wata yarinya riƙe da igiya. Na yi ta ɗagawa ina ajiyewa har wuyana ya ƙage. Inui ya fito sau da yawa, amma daga ƙirji zuwa ƙasa, ko kuma da kyamarar nan tasa a fuska. Na fara zagin kaina da na sa rai. Gwangwanin ya kusa ƙarewa na ɗaga wani guntu, na ga kai, kuma babu komai a gabansa.

A fim ɗin da aka wanke komai a juye yake, baƙi ya zama fari. Abin da na gani tsoho ne mai furfura har kafaɗa, fuska baƙa, haƙora baƙaƙe a waje. Na ware guntun na ajiye shi gefe guda.

Na daɗe da rufe ɗakin wankin hoto, amma na'urar fitar da hoto a takarda tana nan, kuma akwai ragowar takarda a firji, bayan kwalbar miso, daddawar miyarmu. Na toshe tagar banɗaki da bargo, na ɗaura jan ƙwan lantarki, na haɗa magungunan wankin hoton da ban tabbata suna da sauran rai ba. Takardar farko ta fito toka-toka. Na ƙara mata lokaci, na sa ta biyu a faranti, na riƙa girgiza shi a hankali yadda hannuna ya saba. Da farko ba komai. Sai gashi ya fara fitowa, sai ramin baki, sai idanu.

Hoton a karkace yake, kuma gefe ɗaya fari ne fat inda haske ya ci. Bai fita tas ba. Amma Inui ne, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, gashi ya jiƙe ya manne masa a kumatu. Kyamararsa tana reto a ƙirji, ba hannu a kanta. Hannu ɗaya ya ɗora a ka kamar wanda aka ba labarin da ya fi ƙarfinsa, ɗayan yana sama ya fita daga hoton. Bakinsa a buɗe har ana ganin karkataccen haƙorin nan nasa na gefe, idanunsa suna kan dandamali, dariya yake yi da dukan fuskarsa.

"Kai, munafuki," na ce masa. "Ashe kana ji."

Na zauna a bakin bahon wanka cikin jan hasken nan, takardar tana ɗiga a hannuna. Kewarsa ta kama ni yadda ba ta kama ni ba lokacin da aka faɗa min ya mutu. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba tunda ba kowa.

Na busar da hoton da na'urar busar gashi, na sa shi tsakanin kwali biyu, na kama jirgin Sakai. Ƙofar shagon a sauke take, an manna takardar sanarwa. Na zagaya ta baya, na wuce manyan tukwanen da aka kife, wurin yana ta warin wake. An kwantar da shi a ɗakin ciki, kai yana arewa, farin ƙyalle a fuska. Na kunna turare na sunkuya. Michiru ta tambaye ni ko ina son a ɗaga ƙyallen, na ce tukuna.

A ɗakin gaba Fusae tana zaune da wani mutum daga masu shirya jana'izar, mai baƙin kwat da tattausar murya. Hoton lasin yana kan tebur, an riga an ajiye shi a kan ambulan. Na durƙusa na buɗe kwalin na tura mata.

Michiru ce ta fara magana. Ta leƙo ta kafaɗar uwarta, ta ce wannan wane ne. Da na faɗa mata sai ta rufe baki da hannu, ta ƙara dubawa, ta ce hancin dai nasa ne.

"Amma Kawu, wannan ba zai yiwu ba," in ji ta. "Mutanen unguwa za su shigo su zaci sun yi ɓatan ɗaki. Baba ya haura saba'in. Wa zai gane shi a nan?"

Mai baƙin kwat ya yi gyaran murya ya ce hoto ne mai kyau ƙwarai, sai dai an fi son na shekarun baya-bayan nan. In kuma iyali sun nace, su a wurinsu ba abin wahala ba ne. Za a miƙar da shi a kwamfuta, a rage gashin, a sauke hannun, a sa masa baƙar riga ta mutunci, a sa shuɗin sama a baya. Bakin ma ana iya ɗan rufe shi. Na ji jinina ya hau, amma ba gidana ba ne, ba kuma mijina ba, sai na kafa ido a tabarma.

Fusae ta miƙe tsaye. Ta sa tabarau, ta ɗauki hoton da hannu biyu ta gefe-gefe, ta matsa kusa da taga. Hannayenta jajaye ne, sun kumbura da shekarun ruwan sanyi. Ta daɗe har mai kwat ya saci kallon agogonsa.

"Yana da wannan haƙorin ashe," ta ce a hankali. "Likita ya cire shi shekarar da aka haifi Michiru. Ban taɓa ganin inda yake zaune ba."

Ta juyo ta dube ni. Ta tambaya wane ne a kan dandamalin, me suka kaɗa da ya sa shi haka. Duk finafinaina da sunan makaɗa da na zaure a jikin takardarsu, amma wannan guntu ne da aka datse daga uwarsa, ba suna, ba shekara. Na yi mata bayanin bugun iska. Na ce ban san ranar ba, ban san waƙar ba, kuma lokacin da na danna idona yana kan kyamarata. Ina tsugune kusa da shi, kafaɗa tana gogar kafaɗa, amma ban gani ba. Ni ma yau da safe na fara ganin wannan fuskar.

"To, mu biyu ke nan," in ji ta.

Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta. Ta ce shekara arba'in da ɗoriya tana zaton haka aka halicce shi, mutum mai fuska ɗaya. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa makara a tukunya ba, ya yi jinyar ubanta har ya rufe masa ido. Ba ta da abin da za ta ce ya rage ta da shi.

"Kuwabara-san, ka faɗa min gaskiya. A ƙofar shagonmu ya ajiye wannan dariyar ya shigo?"

Na so in ce a'a. Na so in ce ya sha faɗa min ya ji daɗin rayuwarsa, amma bai taɓa faɗa min haka ba, bai kuma taɓa faɗa min akasin haka ba, ita kuma ba matar da ake yi wa ƙarya ba ce. Na ce ban sani ba. Na ce abin da na sani shi ne ba wanda ya ja shi, da ƙafarsa ya zo, kuma da na zage shi a kan haka bai ko girgiza ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta auna.

Ta ɗauke hoton lasin daga kan ambulan ta sa a aljihu, ta ɗora wannan. Ta ce wa mai kwat a faɗaɗa shi yadda yake, da karkacewarsa da farin gefensa, kada a taɓa ko silin gashi. Michiru ta ce, "Mama," ita kuma ta ce ta ji, ta kuma gama magana.

Da yamma aka yi zaman a wani ƙaramin zaure kusa da tasha. Ina shiga na gan shi, ya kai faɗin tire, a tsakiyar fararen furanni, baƙin ƙyalle a kusurwoyin firam, hannunsa ɗaya a ka yana ta dariya a kan akwatin gawarsa. Abin da Michiru ta faɗa ya faru. Mai sayar da kifi na layinsu ya shigo, ya ɗaga kai, ya koma waje ya sake karanta sunan da ke ƙofa. Tsofaffin mata suna taɓa juna da gwiwar hannu. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita, da irin raɗar kurame da kowa ke ji, cewa ba ta san suna da ɗa namiji ba.

Malamin haikali ya fara karatu, aka fara layin turare. Kowa ya zo sai ya rusuna wa iyali, su rusuna masa, ya ɗebi turare ya zuba a wuta, ya haɗa hannu, ya sake rusuna musu. Michiru da mijinta suna ta sunkuyawa suna ɗagowa. Fusae kuwa, da ke kujerar farko cikin baƙin kimono, ta ɗan juya kujerarta. Ba ta kallon masu zuwa. Shugaban 'yan kasuwar unguwa ya rusuna mata har ƙasa, ya jira, ba ta san yana yi ba. Na bayansa ma haka. Na ga kunnuwan Michiru sun yi ja.

Layi ya zo kaina. Na rusuna, na ji Michiru ta sunkuya wajen uwarta tana jan hannun rigarta, tana cewa mutane suna gaishe ta, ta daure ta juyo ko sau ɗaya. Da yake ta gefen kunnena na hagu suke, na ji amsar sarai.

"Ki amsa musu ke," in ji Fusae, idonta bai bar hoton ba. "Su sun yi shekara arba'in suna ganin nasu. Ni yau na fara ganin wannan, gobe kuma za a ƙone gawarsa."